Ɗan Tawayen Gidan Barmo

Munkaila Wakili,
Daraktan lakwal (makarantar firamare),
Gidan Barmo, ta hanyar Tsarnawa.
Ran 9 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Mai Girma Sufurefe, shugaban gundumar Konni.

Game da: Tsare Usaini Labo, manomi, bisa laifin an haife shi tare da wani.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi, na uku ke nan tun da rikicin nan ya faro. Biyun farko da Faransanci na rubuta su. Wannan na rubuta da Hausa, don matsalar ta Hausa ce.

1. Tun ran 2 ga Janairu wasu mutane wajen talatin suka ƙetaro iyaka, suka sauka a kwarin da ke gabas da garinmu. Ɓangare ne na masu yaƙi da sunan addini a ƙetare shekara da shekaru. Sun ɓalle daga uwar ƙungiyarsu don sun ga ta yi sanyi, har ta yarda mutum ya ɗaura agogo. Suna kiran kansu 'Yan Tsantsa. Suna da adduna, da kwari da baka, da bindiga huɗu da na gani da idona. Sun riƙe rijiyar kwari. Sun kwashe bencinan lakwal sun yi girki da su, wanda shi ne amfani na farko da wani babba ya yi da lakwal ɗin nan cikin shekara shida.

2. Ran 20 ga Fabrairu suka tare Hassan Labo a hanyar gona da rediyo rataye a kafaɗa, suka yanka shi, don a wurinsu rediyo haramun ce. Rediyon ba batir a cikinta tun kaka. Ado yake yi da ita.

3. Ran 23 ga wata, bayan takardata ta farko, mota ɗaya ta masu kaki ta iso. Shugabansu, wanda a bariki ya koyi Hausa, ya tsaya bakin kasuwa ya tambayi Mairo mai fura ina ɗan tawaye yake. Ranka ya daɗe, a ƙasar Konni, abin da Kanawa ke kira tagwaye, mu tawaye muke cewa. Mairo ta zaci gwamnati ce ta zo ta'aziyya, har ta yi ƙwalla don jin daɗi, ta raka su ƙofar gidan. Suka tarar da Usaini, abokin haihuwar Hassan, zaune bisa tabarmar makoki. Aka tambaye shi ko shi ne ɗan tawaye, ya ce shi ne. Aka ce tun yaushe, ya ce tun ran da ya zo duniya. Aka ce wa ya sa shi ciki, ya ce Allah da uwarsa. Aka ce ina abokinsa, ya ce ya riga shi tafiya. Duk an rubuta, an sa masa tawada a yatsa ya dangwala. Motar ba ta ƙarasa kwari ba, kilomita biyu daga nan. An ce akwai yashi.

4. Na bi sawu buro-buro, daga wannan ofis zuwa wancan, tare da liman da mai gari. An karɓe mu da mutunci. An bayyana mana cewa mutumin ya amsa laifinsa da bakinsa, kuma takardar na ɗauke da hatimi. Da na yi bayanin kalmar, aka rubuta sunana, aka tambaye ni yaya aka yi na san harkar tawaye haka. Yau kwanan Usaini arba'in da biyar a tsare. Wanda ya gan shi makon jiya ya ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya cin abinci.

5. 'Yan Tsantsa suna nan lafiya, sun kai arba'in. Gyara ɗaya da zuwan hukuma ya kawo shi ne, iyayen tawaye uku da muke da su a gari yanzu 'yan biyu suke cewa, da murya ƙasa-ƙasa.

6. Akwai al'adarmu da nake so Mai Girma ya sani. Abin da aka yi wa Hassan, sai an yi wa Usaini. Riga, takalmi, ko ƙuli-ƙuli, biyu ake saye, in ba haka ba ɗayan ya yi fushi. Mahaifiyarsu A'i, tsohuwa mai shekara saba'in, ba ta taɓa saɓa wannan ba cikin shekara arba'in da ɗaya. Ran da aka je yanko likkafanin Hassan, biyu ta sa aka yanko. Ba wanda ya iya hana ta. Na biyun yana ninke cikin ƙwaryarta. Ban yarda da camfi ba, jami'a ta raba ni da shi. Sai dai na lura hukuma tana ƙoƙarin cika wannan al'ada fiye da mu.

Saboda haka ina roƙo da ladabi: a saki Usaini Labo, a nemi duk wani ɗan Konni, ko mai shara a buronka, a tambaye shi ma'anar kalmar, a aiko da motar da ke iya shiga yashi. In na farkon ya gagara, ina roƙon a sanar da mu kafin a binne shi a can. A'i ta ce kada a wahalar da gwamnati wajen neman ƙyalle, ta riga ta tanada.

Ka huta lafiya, tare da cikakkiyar biyayyata.

Munkaila Wakili
(An haife ni ni kaɗai.)