Ƙaramar Kwamfutar da Yaya Zainu Ya Bari

Assalamu alaikum Anti Rahama. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko layi biyu ne, kafin Asabar ta sama. Ban taɓa rubuta wasiƙa ba in ban da ta jarrabawar aji shida, ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye. Shekaruna goma sha huɗu. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Kajiji, ƙasar Shagari. A takarda na rubuta, Malama Bahijja ta Islamiyyarmu ce za ta tura miki da wayarta.

Yayana Zainulabidin, da muke kira Yaya Zainu, ya rasu wata ukku ke nan. Babur ne ya kife da shi yana dawowa daga Bodinga, ranar da aka yi ruwa mai yawa. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yanzu daga ni sai Inna.

Yaya ya koyi gyaran waya da kwamfuta a Sakkwato. Da ya dawo gida, duk sanda ya sayar da albasa sai ya sayo abu ɗaya a wani shago a Bodinga, har suka cika ya haɗa kwamfuta da hannunsa. Ƙarama ce, da kaɗan ta fi kwanon awo. Ya yi ta haka ne don ta shiga jaka, ya ɗauke ta a babur zuwa gidajen suna yana haɗa wa mutane hotuna. A gida da tsohuwar talabijin ɗinmu yake jona ta.

Da na gama firamare ban samu wucewa ba, makarantar da nisa. Sai ya riƙa ɗaukar kansa a bidiyo yana koya min lissafi da Turanci, wai in riƙa kallo in ya tafi fadama. Sun kai arba'in. Kowane ɗaya bayan sallama da tsokana yake fara shi, ya kira ni Hajiya Shiru-shiru, ya ce in ɗauko fensir. Wayarsa ta farfashe ranar hatsarin. Ba mu da hotonsa ko muryarsa a ko'ina sai cikin wagga kwamfuta.

Sati biyu da rasuwarsa aka kawo wuta da ƙarfi, cajarta ta yi ƙara ta fara wari. Wata baƙar caja ce mai nauyi, kusan rabin bulo. Ban jefar ba, don ya rubuta sunansa a jiki da jan fenti. Na saka ta cikin akwatinsa.

Ranar kasuwa muka tafi Bodinga da Inna, na naɗe kwamfutar a zane. Tsohuwar cajar ko tunanin ɗaukarta ban yi ba, tunda ta mutu. Shagon da Yaya yake sayen kaya cike yake da maza, na kasa ɗaga kaina. Inna ta ce caja muke so. Mai shagon ya jawo kwali yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wadda bakinta ya shiga ramin. Fitila ta kama, ya ce shi ke nan. Na ga siririya ce, ba nauyi, amma na ɗauka in dai baki ya shiga ai duk ɗaya ne.

A gida tana tashi, komai ya fito a talabijin. Amma da na buɗe bidiyo, kafin Yaya ya gama sallama sai ta ɗauke. Cajar kuwa ta yi zafin da ba a iya riƙe ta. In sake kunnawa, ta sake ɗaukewa. Akwai ranar da na yi haka ya fi sau ashirin, ina so ko sau ɗaya in ji ya kai wurin da yake kiran sunana. Kuma na rufe ta da hiraminsa, har lokacin da take kunne, don ba na son ganinta a buɗe kamar marar mai ita. Yanzu fankar cikinta tana wani irin kuka, wani lokaci ma da ƙyar take tashi.

Mun koma wurin mai shagon. Ya ce shi kaya ya sayar wa Zainu, ba kwamfuta ba. Haɗin gida ba shi da garanti, ba kamfanin da ya san da ita, kuma ba mu da rasit. Ya ce wataƙila injin cikinta ne ya ƙone, in muna so ya saya a matsayin kayan gyara. Na san abin da nake son faɗa, amma bakina ya ƙi buɗewa. A mota na yi kukana.

Baffa Mijinyawa, ƙanen babanmu, ya ce ranar Asabar za a tattara kayan Yaya don rabon gado: babur, injin ban ruwa da kwamfutar. Ya ce mataccen abu ba ya rabuwa, za a kai wa mai shagon ko 'yan gwangwan. Baffa ba mugu ba ne, shi yake ciyar da mu. Bai san abin da ke ciki ba, ni kuma ban taɓa iya magana a gabansa ba bayan gaisuwa. Inna ta ce in bari kawai, ita ranar da ta ji sallamar Yaya a bidiyon kasa cin abinci ta yi.

Anti, ni ce na kashe ta? Muryarsa tana nan ko ta ƙone? In an sayar, shi ke nan?

Ƙanwar Zainu

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan Zainu, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Wasiƙarki ba ta da kewaye, na fahimci komai.

Abu na farko: daga yau kada ki sake kunna ta. Na san wannan ne mafi wuya, amma duk ɗaukewar da take yi tana aiki tana iya taɓa wurin da bidiyon suke.

Na kai bayaninki wurin wani mai gyara da na amince da shi. Bai ga kwamfutar ba, don haka ba zan yi miki alkawari ba, amma ya ce alamun da kika faɗa na ƙarancin wuta ne. Siririyar cajar tana iya tayar da ita, amma da bidiyo ya nemi ƙarfi sai ta gaza, shi ya sa take zafi. Injin da ya ƙone ba ya tashi har ya nuna hoto. Shigar baki cikin rami ba shi ne dacewa ba. Hiramin ma ki cire, ƙaramar kwamfuta ta ramukan jikinta take shan iska. Amma ba ke kika kashe ta ba. Ba wanda ya koya miki wannan, kuma wanda ya kamata ya duba bai duba ba.

Ki buɗe akwatin Yaya ki ɗauko tsohuwar cajar. A bayanta akwai ƙananan lambobi. Wadda take kusa da harafin V dole ta zama daidai da ta sabuwar da za a saya. Wadda take kusa da A ko W kuwa, ta sabuwar ta kai ta ko ta fi, kada ta gaza. Yayanki ya san abin da haɗinsa ke ci, shi ya sa ya zaɓi mai nauyi. Abin da kika ajiye don sunansa shi ne zai faɗa wa mai gyara abin da ke ba ki iya faɗa ba.

Mai shagon yana da gaskiya a abu ɗaya: haɗin gida ba shi da kamfanin da za a koma wa, nauyinsa na kan wanda ya haɗa. Amma caja shi ya zaɓa, kuma bai kamata ya yanke cewa inji ya ƙone ba tare da ya buɗe ba, balle ya bi da tayin saye. Ku je da cajojin biyu ya gwada lambobin da idonsa. In ya ƙi canzawa, kada ku tsaya ja da shi, ku nemi wani.

Ko da a ce injin ya lalace, bidiyo ba a cikinsa suke ba. Suna cikin wata ƙaramar ma'ajiya da ake cirewa, masu gyara suna kiranta had dis. Ana iya kwashe su a zuba a memori guda biyu, a gabanku, kafin kwamfutar ta bar hannunku. In an sayar ba a yi haka ba, to nan ne za a rasa su.

Saura Baffa. Aikinsa yake yi, gado ba a wasa da shi, kuma bai san akwai abin da ya fi ƙarfe a ciki ba. Ba sai kin yi magana ba. Rubuta masa kamar yadda kika rubuta mini, Malama Bahijja ta karanta masa kafin Asabar. Ki roƙi sati biyu kawai. In kina son a bar miki kwamfutar a cikin rabonki, a tambayi malamin da zai yi rabon. Inna kuma kada ki matsa mata. Ki ajiye mata memori ɗaya, ranar da ta shirya ita za ta nema.

In Allah Ya sa ta tashi, ki saurare shi har ƙarshe, sannan ki ɗauko fensirin. Don karatunki ya ɗauki bidiyon nan. Allah Ya sa ki ji ya kira sunanki, Ya buɗe miki hanyar makaranta.

Anti Rahama