Fuskarki a Bakin Rijiyar Rifkatu

Zuwa ga Machtelt, hasken safiyata, furen da ya riga bazara isowa, sanyin idona!

Na yi nasara, Machtelt, na yi nasara! Kina jin ƙararrawar babban cocin Antwerp? Na rantse yau don mu take kaɗawa!

Kin tuna ranar da na tsaya a rijiyar unguwarku, hannuwana sun rine da niƙan launin maigidana mai zane, ƙishirwa na neman kashe ni? Kika karkata tulunki, na sha a tafin hannuna, kika yi ta dariyar leɓena da ya koma shuɗi. Tun ranar ƙishirwar ta bar maƙogwaro ta koma zuciya. Da na nemi aurenki, Babanki ya ce ba zai ba yaron shago mai wanke buroshi 'yarsa ba, sai dattawan ƙungiyar masu zane sun kira shi gwani.

Suka ce in zana musu labarin Rifkatu, budurwar da ta shayar da baƙo da raƙumansa, ashe wanda aka aiko neman aurenta ne. Ina zan ga ƙasarta, ni da ban taɓa nisa da kogin Schelde ba? Sai na yi yadda magabata ke yi, na jawo labarin gida. Rijiyarku na zana. Na sa wa Rifkatu farar hularki da takalminki na katako, na zubo mata haske daga sama kamar madara. Fuskar kuwa? Ya tauraruwata, wace fuska hannuna ya sani in ba taki ba?

Ƙanƙara ta sauka ta narke ina kan allon nan, ban gan ki ba, kewarki na cin raina kamar tsatsa!

Da safen nan aka yaye mayafin da ya rufe zanen a gaban dattawan. Dattijo Huybrecht, shugabansu, ya fashe da dariya, wai raƙumina dokin mai sayar da giya ne aka ɗora wa tozo.  Sai idonsa ya kai kan fuskarki a allon, dariyar ta mutu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ji yake in ya miƙa hannu, yarinyar nan za ta ba shi ruwa. Ya kira ni gwani a gaban kowa!

Babanki yana bakin ƙofa, ya taso daga gidan burodinsa, gari har gira. Ya gane ki a zanen. Ya cire hularsa, ya goge ido, ya ce in kawo iyayena ran Lahadi, kuma in aske wannan gemun.

Na aske, furena! Har yanka na yi don sauri.

Ki fito da rigarki mafi kyau. Launi na dusashewa, katako na tsagewa, amma ko ranar da idona ya daina rarrabe ja da kore, hannuna zai lalubo naki.

Naki har numfashin ƙarshe,
Gillis