Wuyan 'Yar Fari

Zuwa ga ƙanena Muntaka, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Habi da yara. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san karatuna a izu uku ya kwanta, bai sake tashi ba.

Yarinyar nan, ta farin, ta zo goyon ciki. Ka san ni da ita: in ta shigo, ni katanga nake duba. Haka na yi ta amsa gaisuwar mayafi, sai ranar da zaren dutsen wuyanta ya tsinke a tsakar gida na ɗaga ido. Muntaka, maƙoƙo ne, ya kai goruba. Hannunta na rawa, tana ci kamar mai noma tana ramewa, in ta kwanta numfashi sai da gardama. Uwarta ta gani tuni, kunya ta hana ta faɗa. Gida guda, masu kunya uku.

Dangin mijin sun turo wanzami daga Kance ya yi mata sakiya. Da na ga ƙarfen a wuta, sai na ce masa ni ne mai son aski. Ya aske ni tas, na sallame shi. Amma zai dawo. Tambayar mini ko likitan Nasara na bariki yana duba mata.

Yayanka, Ɗan'azumi, Matameye.

*

Muntaka, bayan gaisuwa da tambayar lafiya, a yi wa Habi godiyar ɗawainiyar da ta yi da mu.

Ka tambaye ni abin da ya sa na fito daga wurin likita ina gumi, na ce zafi ne. Ƙarya nake. Tafintan likita ne ya tambayi sunan yarinyar, ta sunkuya, ba kowa sai ni. Na ce, "Baiwa." Ta juyo ta dube ni. Ashe idon innarmu gare ta.

Ruwan nan mai launin goro da ake ɗiga mata ya rage rawar hannun. Maƙoƙon dai yana nan. Ta sauka ran Laraba, mace. Jinjirar ta jima ba ta yi kuka ba. Ni da ban iya doguwar addu'a ba, gajerun na yi ta maimaitawa har ta tsala.

Yanzu kullum ina shiga, wai gaida amaryata, ungozoma na korata, ni ko ina shafa wuyan jinjirar da yatsa a sace. Jiya Baiwa ta kama ni. Ba ta ce komi ba, sai ta ɗaga haɓar yarinyar don in gani sosai.

Allah ya sada mu ran suna.

Naka, Ɗan'azumi.