Jakar da Nanpon Ya Kawo

Talata, 9 ga Yuli, 2024

Yana raye. Bari in fara rubuta wannan.

Tunda Baban Laila ya tafi horon kwamando aka karɓe musu wayoyi, ban ƙara jin muryar mijina ba. Yau da hantsi ina tankaɗe sai ga soja a ƙofar gida, yana ɗingishi, rungume da jakarsa. Kowa a layin nan ya san abin da ake nufi in soja ya kawo jakar wani. Maman Risi mai gidanmu ta ɗora hannu a ka tana "Yee! O ti ku!" da Yarabanci, wai ya mutu. Kafin in miƙe tsaye an shimfiɗa tabarmi a waje, wani har ya buga wa surukata waya a Zariya. Ni dai na zauna daɓas cikin gari.

Shi kuwa bawan Allah ya rikice. "Madam, wallahi no be so! Oga Shamsu yana nan lafiya. Wanki ne!"

Wanki! Za a kai su daji, ba a shiga da komai sai kayan jiki, shi ne Baban Laila ya ce a kawo min sauran in wanke kafin su yi funfuna. In ya dawo sai na ci masa mutunci.

Laraba, 10 ga Yuli

Na wanke. Wari kamar kwatar kasuwar Mile 12 ta nan Legas. Ina wanki ina dariya ina hawaye.

Asabar, 13 ga Yuli

Nanpon, sojan nan, ya dawo ba da haƙuri. Ɗan Langtang ne, idon sawunsa ya goce aka sallame shi. Na zuba masa tuwo, ya yi ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Ana jefa su ruwa da bindiga da takalmi. Barci sai a tsaye. Wanda ya gaji ya cire hular kwanonsa ya ajiye gaban malami, shi ke nan, ya koma tsohon barikinsa, ba wanda zai ce masa komai.

Na ce to me ya hana mijina ajiyewa? Mutumin da ko kwale-kwalen Ikorodu ba ya shiga sai da addu'a.

Ya ce, "Madam, oga ba zai ajiye ba."

Allah ka sa ya ajiye. Na fi son sajan mai rai da kwamandon da za a rataye hotonsa.

Juma'a, 26 ga Yuli

Malam Ɗanbaba mai shayi ya tare ni. Wai mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, wato Burma, kuma tun zamanin yaƙin duniya Turawa suka fara irin wannan horo, suka kai mutanenmu cikin kurmi. Ya ce uban ya dawo ba ya iya kwana a kan katifa. Yana faɗi yana washe baki, shi a dole ƙarfafa min gwiwa yake. Na sayi burodina na wuce.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ya dawo! Da la'asar, a bayan okada. Laila ta ɓuya a bayana, ba ta gane shi ba. Ya rame, ya yi baƙi ƙirin, farcen babbar yatsarsa ya fita. Ya gama horon. Masifar da na tanada duk ta gudu, na ce masa kawai "Sannu da zuwa." Ya cinye malmala huɗu, ya yi barci da hannu cikin kwano.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na gaya masa ra'ayina bai canza ba, aikin nan ba na son sa. Ya ce ya sani.

Ya ba ni sabuwar alamar kafaɗarsa in kai wa tela ya ɗinka a kaki. Ban kai ba. Na zauna a tsakar gida, inda kowa ke wucewa, na ɗinka da hannuna. Maman Risi ta tambayi mene ne, na yi mata bayani, wataƙila ma bayanin ya yi tsawo.

Ba wani abu ba ne. Telan nan ɗinkinsa karkacewa yake yi.