Hannun Baba da Sandarka ta Golf

Kagara, Goronyo.

Zuwa ga Yayana Jelani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wanga saƙo ya iske ka lafiya, kai da abokan aikinka na filin golf can Kaduna, Ya tsare ka, Ya yi wa nemanka albarka. Mu nan gida lafiya lau. An saki ruwa daga dam, kanal ya cika, mutane sun shiga dashen albasa. Sauda ta yaye ɗiyarta. Akuyar Inna ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba.

Atiku direba ya kawo saƙonka, cewa a gaya maka gaskiyar hannun Baba, don in bai warke ba za ka aje aikin ɗaukar jakar 'yan wasa ka dawo ka riƙe gonar rani, ko da gasar golf da kake wa shiri za ta wuce ka. Inna ta ce ni in rubuta, tunda ina wurin. Ban iya dogon bayani ba, abin da na gani shi zan faɗa.

Maɗorin Gandi ya kwance ɗorin tun kafin a yanke gero. Ƙashin wuyan hannun ya haɗe, sai dai hannun na hagu ya rame, yatsun ba su damƙa sosai. Shina ɗaukar buta, amma in ta cika sai ya tallafa da dama. Ganin haka Kawu Tambari ya ce a ba ɗansa Lawwali gonar bakin kanal ya noma bana, don galma hannu biyu take so. Baba ya ce shi bai mutu ba da za a raba gadonsa. Sunka yi ta ja, har Baba ya ce in ɗauko mishi sandarka ta golf mai kan ƙarfe, wadda ka bari bayan rumbu muna kaɗo mangwaro da ita. Ya tuna wa Kawu yadda da Sallah ka koya mishi, shi Baba, ya buga goruba ta tsallake kanal. Ya ce in ya sake tsallakar da ita, a bar zancen Lawwali. Kawu ya yarda, ya ce amma a fara aika wa mutanen tsallake su shige ɗaki.

Bayan la'asar munka tahi bakin kanal, ni da su biyu, da goruba cikin faifai. Ina tafe ina tuna abin da ka gaya wa Baba ran da ka koya mishi, cewa yatsun ƙarshe na hannun hagu su ke riƙe sanda, dama rakiya kawai take yi. Ka ce mai ƙarfin hannu shi ke iya riƙewa sako-sako, wuyan hannu ya saki, kan sandar ya zo da gudu, amma marar ƙarfi matsewa yake yi, sai hannun ya sandare har kafaɗa. Na so in tuna mishi, sai na ji nauyin Kawu.

Da farko Baba ya matse sandar har jijiyoyin wuyansa sunka tashi. Ya kai bugu kamar mai saran icce, gorubar ta gangara kaɗan ta tsaya bakin ruwa. Ya ce in aje wata. Wanga karon kan sandar ya taɓa ƙasa ya juya cikin hannunsa, gorubar ta yi gefe ta faɗa cikin tumatirin Mode, maƙwabcin gonarmu. Kawu ya ce a ji tsoron Allah, tumatir ba shi cikin gardamar. Baba ya sa na aje ta uku. Ya goge tafinsa ga riga, ya tsaya ya numfasa, ya sassauta riƙon kamar yadda kake yi. Wallahi Yaya, ɗagawar ta yi kyau, har na ɗauka kai ne. Da ya sauko da ita sai sandar ta fice daga hannunsa, ta yi sama tana juyawa, ta tsallake kanal ta faɗa cikin laka. Gorubar tana nan inda na aje ta.

Na zaci Kawu zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce rana ta yi sanyi, a tahi gida. Baba ya tsaya shina kallon hannun, shina buɗewa shina rufewa. Mode ne ya zagaya ta gada ya ɗauko sandar. Na wanke ta, ba ta lanƙwashe ba.

Har yau Baba bai ce mi ya yanke kan gonar ba, Kawu kuma bai sake tada zancen gabansa ba. Inna kawai ya gaya wa cewa irin albasarmu ya kai dashe, in ya wuce lokaci ba zai yi kai ba. Baba shina wuni gindin dalbejiya shina matsa curin yumɓu kamar yadda maɗori ya ce. Jiya da safe na iske shi bayan rumbu da galma, ya ɗaga ta sama, ya sauke a hankali, ya jingine ta.

Inna ta ce in rubuta maka abin da idona ya gani. Baba kuma da ya ga na ɗauko biro ya kira ni, ya ce in gaya maka hannu ya warke sarai, ka zauna ka yi gasarka, kada ya ga ƙafarka garin nan. To, na rubuta duka biyun.

Inna tana gaishe ka, da Gwaggo Habi, da Sauda. Ka gaishe da Kawu Maccido da iyalinsa in ka je Tudun Wada. Baba ya mai da sandar ɗakinsa, ya ce kada a sake kaɗo mangwaro da ita. Ya kuma ce, in za ka ba Atiku amsa, ka faɗi ko waɗanne yatsu ne ka ce su ke riƙewa, wai Mode ne ke tambaya.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu.