Kaskon Kajin Babanka

Auta,

Na tafi asibiti a auna min jini. Kana barci, ban tashe ka ba.

Na ga kwanonin ƙarfen da ka sayo wa kaji, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ina zuba musu jiƙaƙƙiyar dusa ɗazu, jan zakaran nan marar kunya ya taka bakin ɗaya ya kifar, rabinta ya bi ƙasa. Kuma dusar da ta kwana a ruwa ta yi tsami cin ƙarfe take yi, kafin ka ankara ya yi tsatsa. Babanka ya sha faɗa min, kai ba ka sani ba.

Tsohon kaskon da ka fitar bakin ƙofa, don Allah ka dawo da shi kafin masu kwasar shara su zo. Na gwada ɗagawa, ya fi ƙarfina. Na san bakinsa ya gutsure, amma ba kazar da ta taɓa ture shi. A cikinsa ya ba su abinci har safiyar da ya kwanta.

Rigunansa da takalmansa duk na bari an rabar. Wannan kam a bar min.

Mamarka