Baƙon da Ya Manta Sallama

Daren Laraba, unguwar Sabo

Yau na sara wa Anti Bilki, shugabarmu a ofis. Sabar imel ɗinmu, na'urar da ke karɓa da tace saƙonninmu, ta yi ta korar saƙon masu aiko mana albasa daga Sakkwato, saboda saitinsu bai cika ba, ta ɗauka 'yan damfara ne. Ga motarsu tsaye a tashar Ojoo tana jiran amsarmu, albasa na neman ruɓewa. Na harzuƙa, na ce mu sassauta tacewar kowa ya shigo.

Ta ce, "Haba ƙanena, don baƙo ya manta sallama ba a cire ƙyaure. Leƙawa ake yi."

Ta buga musu waya, ta tabbatar su ne, ta buɗe musu su kaɗai, har ta koya musu gyaran.

Da ni ne, da yau ɓarayi sun kwana a tsakar gida.